KWANON SHINKAFAR MAƘWABTA

 Na san kun saba jina da labaran soyayya da na zaman kishi, to yau ku yi mini haƙuri, ɗan tarihi na zo muku da shi, kuma tarihin wani kwano ne da ke shigowa gidajenmu sau ɗaya a shekara.

Abin da ya jawo rubutun kuwa tambaya ce da ƙaramar 'yata ta yi mini ran 25 ga watan Disamba, muna zaune a tsakar gida muna shan hantsi saboda sanyin hunturu. Sai ga sallamar yarinyar maƙwabtanmu, ta sha kitso da 'yan duwatsu, takalminta sabo fil har yana ƙara. Ta durƙusa ta ajiye kwano a gabana ta ce, "Mama, wai in ji Mamanmu ga shi babu yawa." Na buɗe, shinkafa ce da miyar tumatir, ga cinyar kaza a kai. Fitarta ke da wuya sai 'yar tawa ta dube ni ta ce, "Umma, su Sallarsu daga ina ta zo? Kuma me ya sa suke kawo mana tunda mu ba ma yi?" Na ce mata haka muka taso muka tarar. Ta yi shiru, amma na ga alamar amsar ba ta gamsar da ita ba, ni ma kaina ba ta gamsar da ni ba. To da yake an ce matambayi ba ya ɓata, sai na shiga tambayar manya, na kuma duba abin da masana tarihi suka rubuta. Ga abin da na samo.

Ita dai Kirsimeti biki ne da Kiristoci ke yi don tunawa da haihuwar Annabi Isa ɗan Maryama, Alaihis Salam. Littafinsu bai ambaci ranar haihuwar ba, daga baya ne aka tsayar da ita. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bikin ran 25 ga Disamba daga birnin Rum ya fito, kuma shekarar 336 yake magana a kai. Har yau ma ba duka suka haɗu a kan ranar ba, domin Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar sai ran 7 ga Janairu suke nasu. Ita kuwa bishiyar nan da kike gani a talabijin an rataya mata fitilu, al'adar Jamusawa ce, ta bazu a Ingila bayan da aka buga hoton Sarauniya Biktoriya da mijinta da 'ya'yansu sun kewaye ta a 1848. Shi ma tsohon nan mai farin gemu da jar riga da yara ke kira Fada Kirsimeti, asalinsa wani limamin Kirista ne mai suna Nikolas da ya rayu a ƙarni na 4 a ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu, wanda ya shahara da yin kyauta a ɓoye. Kin ga kenan kamar yadda Sallarmu ke da ɓangaren ibada, ga kuma ɓangaren al'ada irin su lalle da tuwon Sallah da hawan sarki, su ma nasu bikin haka yake.

Mu da su mun bambanta a aƙida, kuma bambancin babba ne, ba abin ɓoyewa ba ne. A wurinmu Annabi Isa bawan Allah ne kuma ManzonSa. Amma ki tuna, mahaifiyarsa Nana Maryama ita kaɗai ce macen da Alƙur'ani ya kira da sunanta, har sura ta 19 sunanta take ɗauke da shi. Kuma lokacin da Ƙuraishawa suka matsa wa Musulmin farko a Makka, wurin Najjashi Sarkin Habasha suka yi hijira, shi kuwa a lokacin Kirista ne. Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya karanta masa farkon wannan sura, sarki ya yi kuka, ya kuma ƙi miƙa su ga waɗanda suka biyo sawunsu. Ashe dai zaman amana tsakanin Musulmi da Kirista ya girmi kakannin kakanninmu.

To ta yaya bikin ya iso ƙasar Hausa? Tun a tsakiyar ƙarni na 19 wani Bature ɗan mishan mai suna Schön ya duƙufa koyon Hausa yana fassara sassan littafinsu. Babban wanda ya taimaka masa kuwa wani yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda matafiyin nan Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. A 1900 kuma Bishop Tugwell da Likita Miller da 'yan rakiyarsu suka isa Kano. Sarkin Kano Alu bai ba su masauki ba, ya ce su koma inda suka fito. Daga baya Miller ya zauna a birnin Zariya a 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin magani, sannan wajen 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, inda suka gina coci da ƙasa, irin ginin Hausawa sak. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da Hausa. Daga nan ne aka samu gidajen Hausawa Kiristoci masu karatu da waƙa da addu'a cikin harshen da ni da ke muke yi.

Mu nan Haɗeja labarinmu da Bature ya sha bamban. Kano da Sakkwato sun faɗa hannun Turawa a 1903, amma Haɗeja sai bayan shekara uku. Ran 25 ga Afrilu 1906 sojojin Turawa suka far wa garin, aka yi ɗauki ba daɗi, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da manyan bayinsa da jama'a masu ɗimbin yawa, shi ya sa har gobe ake ce masa Mai Shahada. Garin da ya ga irin wannan rana kuwa kin san ba zai yi saurin sakin jiki da duk abin da ya biyo Bature ba. Bugu da ƙari, Gwamna Lugga ya riga ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa gwamnati ba za ta sa baki a addinin jama'a ba, saboda haka aka daɗe ana taka wa 'yan mishan burki a ƙasashen sarakunan Musulunci.

Abin da ya kawo mana Kirsimeti har ƙofar gida shi ne jirgin ƙasa da gyaɗa. Jirgi ya iso Kano a 1911, sannan aka ja wani layi daga Kano ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya dire a Nguru a 1930, zamanin Sarkin Haɗeja Usman. Layin bai shigo cikin garin Haɗeja ba, a Malam Madori ya ratsa, shi ya sa nan da nan wurin ya cika ya batse. Kamfanonin sayen gyaɗa irin su UAC da John Holt suka baza wakilansu a garuruwan bakin dogo, aka kafa sikeli, amalanke da jakuna da raƙuma suka riƙa sauke buhuna. Wa zai riƙe littafin awo, wa zai buga tangaraho, wa zai tsare tasha? A lokacin 'ya'yanmu kaɗan ne suka yi boko, sai aka kawo akawuna da ma'aikatan jirgi daga Kudu, Ibo da Yarabawa da sauransu, yawancinsu Kiristoci. Bayansu teloli da kafintoci da masu kanti suka biyo, kowa da matarsa da 'ya'yansa. In Disamba ta zo mai hali ya hau jirgi ya tafi gida, marar hali ya yi bikinsa a nan. Ta haka kakanninmu mata suka fara leƙen wannan biki ta kan katanga.

A shekarun 1930 kuma gwamnati da sarakuna suka yarda 'yan mishan na SIM su riƙe asibitocin kutare, irin na Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, sai ƙofar da ta daɗe a rufe ta ɗan buɗe ta hanyar magani. Majami'un da suka fito daga aikin SIM su ne suka haɗu suka zama ECWA a 1954. In kin taɓa ganin matan nan masu ɗaura zani iri ɗaya suna waƙa da Hausa suna buga tulu da caki, to su ne ake kira Zumuntar Mata. Daga baya aikin gwamnati ya ƙara kawo wasu baƙin: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, 'yan sanda, da 'yan bautar ƙasa tun da aka fara shirin a 1973. Da aka cire Jigawa daga Kano ran 27 ga Agusta 1991 ma an ƙara samun sababbin ma'aikata. Kin ji hanyoyin da maƙwabtan namu suka bi.

Wani abin lura kuma shi ne lokacin da bikin ke faɗowa a nan ƙasarmu ta fadama. Kogin Haɗeja dai haɗuwar kogin Kano ne da na Challawa, ya gangaro ta Wudil da Ringim ya wuce mu, ya je ya haɗu da na Jama'are, su nufi Tafkin Chadi. Da damina ya cika ya malala cikin fadamu, in hunturu ya kama kuma ruwan ya fara janyewa. A daidai nan ne ake yankan shinkafa, masunta na kama tarwaɗa da karfasa da kurungu, mata na banda, Fulani na gangarowa da shanu, masu noman rani na dasa albasa da tattasai da tumatir. Har tsuntsayen Turai ma lokacin suke sauka a Baturiya, sun gudo wa sanyin ƙasarsu. Gaskiya ne tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ruwan ya sauya hali, ga ciyawar kacalla ta toshe hanyoyinsa da yawa, amma duk da haka Disamba watan samu ne a wurinmu. Ki je kasuwar kifi ta Haɗeja a makon Kirsimeti, ko kasuwar dabbobi ta Maigatari ran Alhamis, ki ga yadda ake loda kwalayen bandar kifi da awaki da shanu a manyan motoci ana yin Kudu da su. Miyar da za a ci a Anaca ko Legas ran bikin, sau da yawa guminta na maigidanki ne ko na ƙaninki. Kuɗin cefanen da ya shigo hannunki a wannan mako, wataƙila daga can ya biyo.

Sai dai zaman bai tafi sumul ba, kuma mai ba da tarihi ba ya tsallake inda ke da ɗaci. A 1966 aka yi juyin mulki, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, daga baya rikici ya ɓarke a garuruwan Arewa, aka kashe 'yan ƙabilar Ibo masu yawa, sauran suka gudu. Kakata, wadda muke kira Iya, Allah Ya jiƙanta, lokacin tana amarya a Malam Madori. Ta ce suna da maƙwabci tela ɗan Ibo da matarsa da 'ya'ya biyu ƙanana. Da gari ya rikice kakanmu ya shigo da su cikin dare ya ɓoye su a rumbu, ita ce ke miƙa musu kunu ta ƙofar rumbun, tana toshe bakin ƙaramin da hannunta in zai yi kuka. Kwana biyu suka yi kafin aka samu hanyar fitar da su. Da za su tafi telan ya bar keken ɗinkinsa ya ce a ajiye masa. Aka shiga yaƙin basasa a 1967, bai ƙare ba sai Janairun 1970, zamanin Janar Yakubu Gowon, wanda shi ma a Wusasa ya tashi. Duk tsawon shekarun nan keken na ƙuryar ɗakin Iya a lulluɓe, kakanmu na ɗiga masa mai lokaci lokaci, ko da yunwa ta matsa bai taɓa tunanin sayar da shi ba. Bayan yaƙi sai ga matar ta dawo ita da yaran, ta rame ta yi baƙi, mijin kuwa ya rasu a can. Aka fito mata da keke, ta rungume shi tana kuka kamar mutum. Da shi ta koyi ɗinki ta riƙe 'ya'yanta. Iya ta ce Kirsimetin farko bayan dawowarta ba ta da ko kaza, shinkafa ta dafa da manja da gishiri, amma sai da ta zubo a ɗan kwano ta aiko. Iya kan ce, "Kishiyata, na ci shinkafa a duniya, amma ban taɓa cin wadda ta tsaya mini a rai kamar wannan ba."

Yanzu bari in zo kan wanda na gani da idona. Kin san shekararmu ta wata tana gaza ta Bature da kwana goma sha ɗaya, saboda haka azumi yana zagayawa. To a 1998 da 1999 da 2000, shekara uku a jere, Kirsimeti a cikin watan azumi ta faɗo. Lokacin ina 'yar firamare, muna da maƙwabciya ma'aikaciyar jinya, Bahaushiya ce Kirista daga ƙasar Zazzau, mijinta malamin makaranta. Maman Tagwaye muke ce mata. Su ba sa tafiya gida, dangi ne ke zuwar musu, domin mijin shi ne babba a ɗakinsu. Tun ana saura kwana uku za ki ga an fara sauka. Surukarta ta iso da ƙullin daddawa da kuka, ƙannen miji su zo daga Kano da matansu, wata ƙanwarta ta zo daga Nguru da kwalin kifi a ka. Gida mai ɗaki uku sai ya ɗauki mutum fiye da ashirin. In wuri ya ƙare Babanmu ya buɗe wa samarin zaurenmu, 'yanmatan kuma su shimfiɗa tabarma a ɗakin Iya. Tsofaffin biyu, Iya da surukar, su raba dare suna hira a gaban kaskon wuta, wannan da carbinta, waccan da ɗan littafin waƙoƙinta.

Mu yara kuwa abin nema ya samu. Telan da ke ɗinka mana kayan Sallah shi ke ɗinka nasu. Goggona ce ke yi wa 'yanmatansu kitso ta ƙunsa musu lalle, mu ma mu miƙa hannu a ɗan shafa mana. Tagwayen da 'yan'uwansu suna da wasan kwaikwayon haihuwar da za su yi a coci, sai su riƙa gwaji a tsakar gida, an yafa wa wannan zani ya zama makiyayi, an naɗa wa wancan tawul ya zama mai hikima daga gabas. Wata shekara har ɗan tunkiyarmu suka ara, ya ƙwace ya shige ƙarƙashin gado, aka yi ta dariya har da hawaye. Ran bikin da asuba mijin zai yi sallama da Babanmu ya ce, "Malam, a taimaka a yanka mana." Baba ya fito da wuƙarsa ya fuskantar da akuyar alƙibla ya yanka, domin suna so duk wanda aka kai wa ya ci hankalinsa kwance. Wannan al'ada ta kiran Musulmi ya yi yanka ta bazu a Arewa, kuma ita kaɗai ta isa ta nuna miki cewa tun kafin a ɗora tukunya an sa da mu a lissafi. In sun dawo daga coci yaran su fita yawo gida gida da balan-balan a hannu, ana ba su 'yan kwabbai da alewa, daidai da yawon Sallarmu.

Abin da ba zan manta ba shi ne yadda Maman Tagwaye ta yi da azuminmu. Ta tara yaran gidan kaf, har da baƙin, ta ce duk wanda ta gani da nama a hannu a ƙofar gida sai ta saɓa masa. Ta mayar da murhunta can bayan gida don kada ƙamshin suya ya dame mu, ko da yake wallahi ya dame mu, don ni lokacin ina koyon azumin rabin yini, har kuka na yi. Abincin kuma ba ta aiko da rana kamar yadda ta saba ba. Sai da ladan ya kira magariba, muna kai dabino baki, sai ga tagwayen da kwanuka, shinkafa na tururi, ashe sabuwa ta sake dafawa don ta riske mu da zafinta. Ta leƙo ta ce wa mahaifiyarmu, "Yaya, a sha ruwa lafiya." A 2000 kuwa Ƙaramar Sallah ta biyo bayan Kirsimeti da 'yan kwanaki kaɗan, tela ya rasa inda zai sa kansa, baƙinsu ma ba su tafi ba sai da suka ci wainarmu da miyar taushe, aka ɗauki yaran aka kai su kallon hawan Sarki Abubakar Maje. Ki tuna fa a Fabrairun wannan shekarar ne aka yi mummunan rikicin Kaduna, har danginta suka riƙa aiko mata da wasiƙa ta tattara ta dawo gida. Ta ce ita tana gida.

To 'yar'uwa, da na tsaya a nan da na yi miki rowar gaskiya, domin ni ma na taɓa yin abin kunya. Ran Kirsimetin 2011 aka tayar da bam a wata coci a Madalla, mutane da yawa suka mutu. Ran 20 ga Janairun 2012 aka kai hare-haren Kano. Gari ya cika da tsoro da zargi, kowa na kallon kowa a kaikaice, maganganu iri iri na yawo a gidajen biki da na suna. Lokacin ina ƙaramar matar aure a gidan haya, muna da wasu maƙwabta Kiristoci da ban saba da su sosai ba. Kirsimetin 2012 ɗansu, yaro ɗan shekara kamar shida, ya yi sallama da kwano a hannu. Ko labule ban ɗaga ba na ce, "Ka ce an gode, ba ma ci." Ina hango ƙafafunsa ta ƙasan labule, ya daɗe a tsaye bai san abin da zai yi ba, sannan ya juya. Da Sallah ta zo ban aika ba, su ma ba su sake aikowa ba. Muka shekara biyu sai dai a haɗu a bakin famfo kowa ta kau da kai. Ran Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 aka kai hari babban masallacin Kano, Yayana kuwa a nan yake sallar Juma'a. Na kira wayarsa ta ƙi shiga, maigidana ba ya gari, na fito tsakar gida ina ihu. Wadda ta fara shigowa ita ce matar nan. Ta karɓi jaririyata ta goya, ta zaunar da ni, ta yi ta gwada lambar da wayarta har bayan isha'i, lokacin da Allah Ya sa ya ɗauka, yana lafiya. Ba ta taɓa tayar mini da zancen kwano ba. Ni ce da kaina na je na ba ta haƙuri, na kuma nemi yaron na ba shi haƙuri, don shi na fi ɓata wa.

Na san wata za ta ce, to malama marubuciya, ya halatta a ci ko bai halatta ba? Ni ba malama ba ce, kuma ba zan yi karambanin fatawa ba. Abin da na sani shi ne Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi, amma game da abincin ranar bikinsu da taya su murna malamai sun yi saɓani, wasu sun hana, wasu sun sauƙaƙa. Ki tambayi malamin da kika amince da iliminsa, ki kuma bi shawarar maigidanki. Sai dai duk wanda kika bi a cikinsu, babu wanda ya ce ki wulaƙanta maƙwabci. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya ba da labarin yadda Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi masa wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado, kuma malamai sun ce haƙƙin maƙwabtaka ya haɗa da wanda ba Musulmi ba. In kin ga ba za ki ci ba, ki samu matar tun kafin ranar, ke da ita, ki yi mata bayani cikin mutunci, za ta fahimta. Kada ki bari sai an ɗoro wa yaro kwano sannan ki kore shi, domin shi bai san saɓanin malamai ba, abin da zai riƙe har girmansa shi ne an kore shi daga gidan Musulmi. In kuwa kin karɓa, to ki tuna kwano ba ya komawa wayam, ko 'yar gyaɗa ce ki zuba, in Sallah ta zo kuma ki rama da abin da ya fi. Ki kuma kula da bakinki a gaban 'ya'yanki, don sunan da kika kira maƙwabta da shi a ɗaka, shi za su kira su da shi a waje.

Mu mutanen bakin kogi ai mun fi kowa sanin amfanin juna. A ambaliyar 2020 da ta 2022, lokacin da ruwa ya cinye gonaki a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma ya kuma tasar wa Haɗeja, matasa sun kwana a bakin jinga suna cika buhuna da ƙasa, mata na dafa abinci ana kai musu. Ɗan maƙwabciyar nan tawa da na taɓa kora, ya zama saurayi, yana cikinsu, kafaɗa da kafaɗa da ƙannena.

Daren ranar da 'yata ta yi mini tambayar ban iya ba ta amsa ba, amma bayan 'yan makonni na zaunar da ita na ba ta labarin jirgin Malam Madori, da keken ɗinkin da ya kwana huɗu a ƙuryar ɗakin Iya, ina nufin shekara huɗu, da shinkafar da ake jira sai an kira magariba. Na ce mata su suna da addininsu mu muna da namu, ba ma zuwa cocinsu ba sa zuwa idinmu, amma katangarmu ɗaya, kuma kwanon nan tun zamanin kakar kakarta yake kai da kawowa. Ta ce, "To Umma, in Sallah ta zo ni zan kai musu." Na ce Allah Ya kai mu. Masu lissafi sun ce wajen 2031 azumi zai sake haɗuwa da Kirsimeti, lokacin ita ma ta zama budurwa, ina fatan za ta ga irin abin da na gani.

Nan zan dasa aya. Abin da na faɗa daidai Allah Ya ba mu ladarsa baki ɗaya, inda na yi kuskure Ya yafe mini, ku ma ku yafe ni. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya bar mu da maƙwabtanmu cikin mutunci. Amin summa amin.